Ɗakin Sauna a Birnin Kebbi: A Haɗa Shi da Banɗaki Ko a Fitar da Shi Tsakar Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina gini a Birnin Kebbi, an kai linta. Kwanaki na shiga sauna, wato ɗakin zafi da ake shiga don gasa jiki a yi zufa, a wani otal a Abuja, irin mai katako da duwatsu, na ji daɗin jikina ƙwarai. Ina so in yi ƙarami a gida, na mutum uku ko huɗu. Uwargida na son a haɗa shi da banɗakin ɗakinmu, ni kuma ina ganin akwai fili ta baya. Wanne ya fi? Wutarmu tana zuwa tana tafiya, amma ina da sola da janareta.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya sa a kammala ginin lafiya, ya sa a shiga a sa'a.

Shawarata ka fitar da shi tsakar gida. Ka gina masa ɗan ɗaki na bulo a filin nan na baya, cikin katanga, a tsare shi da kyau daga ciki yadda zafi ba zai tsere ba. Na san ba abin da Hajiya take son ji ke nan ba, kuma tana da hujja mai ƙarfi wadda zan zo kanta. Sai dai a gari irin Birnin Kebbi abu biyu ne ke yanke wannan hukunci: da me za a zafafa ɗakin, kuma ina zafin zai nufa bayan an fito.

Tunda ka ambaci katako da duwatsu, sauna ta asali ka shiga, irin ta ƙasar Finland. Zafinta kan kai digiri 70 zuwa 100, iskarta busasshiya, sai jefi-jefi a watsa ludayin ruwa kan duwatsun tururi ya taso. Na faɗi haka ne don mutane na haɗa ta da ɗakin tururi irin na Turkiyya da Masar, wanda tayil ne ko'ina, zafinsa bai cika wuce digiri 45 ba amma hazo ya turnuƙe shi. Akwai kuma ɗan akwatin katako mai fitilun infrared masu gasa jiki kai tsaye, wanda ke tsayawa tsakanin digiri 45 da 60, ba duwatsu ba tururi. Kowanne da irin gininsa. Maganata a nan kan ta farko ce, akwatin kuma zai shigo daga baya.

Mutanen Finland ba su kai miliyan 6 ba, amma suna da sauna kimanin miliyan 3, har UNESCO ta sa al'adar cikin jerin al'adun gado na duniya a 2020. Su kansu a waje suka faro. Tsohuwar saunarsu gini ce daban, nesa kaɗan da ɗakunan kwana, sau da yawa a bakin tafki, saboda tsoron gobara. Sai da hitar lantarki ta fito, jama'a kuma suka koma zaman benaye a birane, sannan aka shigo da ita cikin gida. A can shigo da ita riba ce, domin ƙasa ce da ake wata da watanni cikin sanyin ƙasa da sifili, duk ɗumin da ya zurara daga sauna zuwa falo ya rage musu kuɗin ɗumama gida. Yawancin shawarwarin da za ka ci karo da su a intanet daga irin waɗannan ƙasashe aka rubuto su, shi ya sa za ka ga ana cewa babban aibin ta waje shi ne taka ƙanƙara kafin ka isa. Mu lissafinmu a juye yake.

Hita mai kilowat 6 idan ta yi aikin zama ɗaya, wato kusan awa guda tana zafafa ɗakin da wata awar ana ciki, ta cinye yunit 8 ko kusa da haka. Duk wannan wuta zafi ta koma, kuma zafin ba ya ɓacewa don an kashe makunni. Yana cikin duwatsu, yana cikin katako, yana ratsa bango a hankali har tsakar dare. Idan wannan bango shi ne na ɗakin kwananku, AC ɗinku ce za ta kwana tana kokawa da shi. Ka biya kuɗi ka shigo da zafi, ka sake biya ka fitar da shi. Ka ɗora wannan kan watan Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40 kuma bulo ke riƙe zafi har asuba.

Ga kuma danshi. An taɓa kira na duba wani gida da aka manna irin wannan ɗaki jikin banɗakin maigida. Daga cikin saunar komai tsaf, katako na sheƙi. Sai da muka janye wadrob ɗin da ke ɗaya gefen bangon. Allon bayansa ya kumbura ya yi laushi, ana danna shi da yatsa yana lotsawa, fentin bangon ya yi ƙuraje, baƙaƙen ɗigon fumfuna sun bi kusurwa har sama, atamfofin da ke ciki duk sun ɗauki warin rima. A silin ɗin POP kuwa wani zagayayyen tabo ruwan ƙasa ya fito. Abin da ya faru, wanda ya yi aikin bai sa takardar alminiyom a bayan katakon ba, sannan ya saki bututun fitar da iska a cikin rufi maimakon ya kai shi waje. Tururi mai zafi yana shiga bango, ya haɗu da sanyin AC ta ɗaya gefen, ya koma ruwa. Ana iya kauce wa wannan idan an samu ma'aikaci da ya san aikin, amma ka lura da bambancin: irin wannan kuskure a ɗakin da ke tsakar gida ɗan ɗakin kawai zai ɓata, a cikin gida kuwa ɗakin kwananka ne zai biya.

Yanzu maganar wuta, wadda a ganina ita ce uwa uba.

Ƙa'idar masu ƙera hitar sauna ita ce kusan kilowat 1 ga kowane kubik mita na cikin ɗaki. Ɗakin mutum uku zuwa huɗu, a ce tsawo mita 2, faɗi mita 1.8, tsayi mita 2.1, ya kama kubik mita 7 da rabi. Ke nan hita mai kilowat 6 zuwa 8 kake buƙata. Kilowat 6 daidai yake da kunna AC biyar masu doki ɗaya da rabi a lokaci guda. A layi ɗaya na bolt 230 tana jan amp 26, mai kilowat 8 kuma amp 35. Ba abin da za a soka a soket ba ne, domin soket ɗinmu na gida amp 13 ne iyakarsa. Sai an ja mata wayarta ita kaɗai daga akwatin rarraba wuta, mai kauri, da birekarta, da wayar ƙasa ta gaskiya, kuma guntun da zai shiga ɗakin zafi ya zama mai rigar silikon wadda ba ta narkewa. Yawancin manyan hitocin da ake kawowa daga Turai an tsara su ne don layi uku, don haka kafin ka saya ka duba ko mitarka mai layi uku ce.

Akwai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Idan wuta ta zo ba ƙarfi, hita ba ta raguwa daidai da yadda wutar ta ragu, ta fi haka faɗuwa. A bolt 180, hita mai kilowat 6 abin da za ta ba ka bai kai kilowat 4 ba. Za ka zauna awa biyu ɗakin na ɗumi-ɗumi, duwatsu ba su yi zafin da za su tayar da tururi ba, ka watsa ruwa ya zurare ƙasa. Kuma lokacin da ka fi son shiga, bayan isha'i, shi ne lokacin da kowa a unguwa ya kunna kayansa.

Solar da ka ambata, in dai irin ta yawancin gidaje ce mai inbata 5kVA, da ka kunna hitar za ta yanke. Ko da inbatar ta ɗauka, batirin lithium ɗin nan mai bolt 48 da amp 100 yunit 5 yake riƙewa, zama ɗaya zai kwashe kusan biyu ƙaf, ka kwana ba fanka. Janareta kuwa sai mai 8 zuwa 10kVA, kuma kusan ita kaɗai zai ɗauka. Abin mamakin shi ne a wutar layi kuɗin ba wani tashin hankali ba ne: ko a rukunin Band A, masu biyan wuta mafi tsada, inda yunit ya haura naira 200 a Afrilun 2024, zama ɗaya bai kai naira 2,000 ba a farashin lokacin. Samun wutar da ƙarfinta a lokacin da kake so shi ne aikin.

Wannan ya sa ga mafi yawan gidaje a Kebbi da Zamfara murhun itace ya fi dacewa, kuma da zarar an ce itace, maganar cikin gida ta ƙare. Ba na ba kowa shawarar hura wuta a ɗakin da ke manne da wurin kwana. Duk hunturu muna jin labarin waɗanda suka shiga ɗaki da kaskon gawayi suka rufe ƙofa, ko suka kwana da janareta a baranda, aka wayi gari sai gawa. Iskar da ke kashe su, wadda ake kira carbon monoxide, ba ta da wari ba ta da launi. Alamunta ciwon kai, jiri, kasala da jin barci, kuma a cikin sauna mutum zai ɗauka zafi ne ke aikinsa, ya ƙara gyara zama. Saboda haka murhun ya zama rufaffe, mai bututun hayaƙi da ya zarce saman rufi, kuma a yi shi yadda bakin sa itacen zai kasance ta waje ko ta ɗakin canja kaya, jikinsa da duwatsun kawai ne a ciki. Haka toka da ɓawon itace ba sa shiga inda ake zama, wutar kuma ba ta shan iskar da kuke shaƙa. Kaskon gawayi ko kan gas da aka yi wa dabara, kada ma a kawo zancensu. Ka sayi ɗan ƙararrawar nan mai gano wannan iska ka rataye a ɗakin canja kaya, ba cikin ɗakin zafi ba, don ba ta jure wannan zafin.

Idan mai walda zai ƙera maka murhun, ya yi da baƙin ƙarfe mai kauri, milimita 5 ko sama. Ban da ƙarfe mai rufin zinc irin na bututun ruwa, domin idan ya yi ja yana fitar da hayaƙi mai cutarwa, ban da tsohuwar durom mai fenti ko wadda aka zuba mai. Inda bututun zai ratsa silin da kwano a yi masa riga biyu da audugar dutse (rock wool, auduga mai tare zafi wadda ba ta cin wuta) a tsakani, a nan ne yawancin gobarar sauna ke tashi. Itace kuwa busasshen reshen dogon yaro da ake sarewa a gari ya wadatar, ba sai an je an kwantar da bishiyar daji ba, tunda jihohin nan biyu suna cikin waɗanda hamada ke ci.

Duwatsu ba kowane ba. Yankin Birnin Kebbi da Argungu galibi dutsen yashi ne da marmara, waɗannan suna marmashewa, wasu ma suna fashewa idan zafi ya ratsa su aka watsa ruwa. Na bakin gulbi masu santsi su ma ban yarda da su ba. Ana son baƙin dutse mai nauyi, marar tsaga, girman dunƙulen hannu. Mafi sauƙi ka sayo kwalin kilo 20 da masu hita ke sayarwa. In kuwa na kwari za ka ɗebo, ka gasa su a wuta a fili, ka tsaya nesa, ka jefa su cikin bokitin ruwa. Wanda ya tsage ka yar.

To wane irin ɗaki za a yi a wajen? A nan ma kada hotunan intanet su ruɗe ka. Za ka ga wata mai siffar ganga kwance, duk katako, an ɗaure ta da ɗamarar ƙarfe. Tana da kyau a ido, amma ba don yanayinmu aka yi ta ba. A hunturu iska na bushewa har laɓɓa su tsage, katakon zai tsuke, ka shiga da rana ka ga haske na shigowa ta tsakanin allunan, ƙura ta biyo. Damina ta zo ya kumbura. Rana ta gasa bayansa, gara ta taso masa daga ƙasa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ka yi gini na bulo kamar kowane ɗaki, a kan daɓen kankare da aka ɗaga aƙalla taku ɗaya daga ƙasa, fiye da haka in unguwarku ta gangara wajen fadama, ka san halin ruwa a garin nan idan Agusta ta kama. A zuba maganin gara a ƙasa kafin a zuba kankaren. Daga ciki kuma ga yadda bangon zai jeru: jikin bulo a kafa sandunan katako, a cusa audugar dutse mai kaurin santimita 5 a tsakaninsu, a silin a ninka ta zuwa 10 tunda can zafi ke taruwa. A kanta a shimfiɗa takardar alminiyom, gefe mai ƙyalli na kallon cikin ɗaki, a liƙe kowace mahaɗa da tef ɗin alminiyom, ba na leda ba. Sai a bar rata ta santimita 2 da siraran sanduna don iska ta zaga, sannan a buga allunan da ido zai gani. Maginin zai ce maka bulo inci tara ya isa, ba sai an kashe kuɗin auduga ba. Kada ka saurare shi. Masu ƙera hita suna ƙara kubik mita 1.2 a lissafi kan kowace murabba'in mita ta bangon da ba a tsare ba, ke nan ɗan ɗakinka mai kubik 7 da rabi zai koma kamar mai 27, ba hitar gida da za ta iya da shi. Kuma kada a bi tsayin ɗakunanmu na mita 3. A sauke silin ɗin zuwa mita 2.1 ko 2.2, in ba haka ba zafi na can sama kai kana ƙasa.

Wani abin da zai ba ka dariya: katakon da Turawa ke ji da shi wajen yin bencin sauna daga nan Afirka ta Yamma ake kai musu. Obeche ne, wanda suke sayarwa da sunan abachi, fari marar nauyi wanda kafintocinmu ke rainawa. Ba shi da ƙaro, ba ya tsiro da sartse, kuma ba ya ɗaukar zafin da zai ƙona fata ko ɗakin ya kai digiri 90. Katako mai nauyi irin maɗaci ko iroko yana yin zafin da ba ya zaunuwa, a bar shi a firam ɗin ƙofa ta waje. Raunin obeche ɗaya ne, gara da ƙwaro suna sonsa, don haka kada ya taɓa ƙasa, a rataye bencin jikin bango ko a sa wa ƙafafunsa takalmin roba. Ka saye shi da wuri, a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani ya sha hunturu guda ya bushe. Sannan ka tsaya kan kafinta da kanka a kan abu uku, domin hannunsa ya saba: ba fenti ko banish, ba baƙin mai ko maganin gara a jikin katakon ciki, ba kan ƙusa a inda fata za ta taɓa. Duk abin da aka shafa wa katakon nan, idan ya yi zafi huhunka zai shiga. Filawud da silin ɗin roba su ma ba su da wuri a ciki. Bencin sama ya kasance kimanin santimita 110 ƙasa da silin, faɗinsa santimita 60, ƙafafun mai zaune su yi daidai da saman duwatsu ko su ɗara.

A bar kafar shigar iska a ƙasa kusa da murhu, da ta fita a bangon da ke fuskantarta, duka a sa musu raga mai ƙarfi. Ɗaki ne mai duhu da ake rufewa kwana da kwanaki, kunama da maciji na son irinsa, a riƙa haska ƙarƙashin benci kafin a zauna. Ƙofa ta buɗe waje, marikinta na katako, ba sakata ta ciki. Idan ba a amfani da shi a datse da kwaɗo saboda yara, idan za a shiga a cire kwaɗon gaba ɗaya a tafi da shi ciki.

Wajen zaɓen gurbi, ka tuna iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kuma a lokacin ne za ka fi hura murhun. In fili ya ba da dama ka ajiye ɗakin ta kudu maso yammacin gidan, hayaƙi ya bar ɗakunanku, amma ka dubi tagogin maƙwabci, ka ɗaga bututun yadda ba za a kawo ƙararka wurin mai unguwa ba. Kada ƙofar ta kalli gabas, ta nan ruwa da iskar farkon damina ke dukan gini. A nisanta shi da ɗakin janareta, da tukunyar gas, da zana, da inda ake tara harawar dabbobi. A ɗaure rufin da kyau.

Akwai riba guda ta waje wadda ita ce ma ta fi burge ni. Rabin daɗin sauna a fitowa yake, lokacin da jiki ke hucewa. Mutanen Finland tafki suke faɗawa. Kai kuma daga Disamba zuwa farkon Fabrairu kana da sanyin dare kyauta, ka fito ka zauna kan dakali iska ta buge ka. A cikin gida daga ɗakin zafi sai banɗaki mai tururi. Sai dai ka yi tanadin ruwan sanyi, domin ruwan baƙin tankin sama da yamma shi kansa kamar an dafa shi yake. Babbar randa a inuwa, ko ƙaramin tanki a ƙasa, ya fi shawa daga sama. Kuma mu faɗi gaskiya, daga Maris zuwa Mayu ba lallai ka leƙa ɗakin ba. Na waje sai a share a rufe. Na ciki kuwa ka sadaukar da wuri mai tsada a tsakiyar gida, kafin shekara biyu ka tarar an cika shi da akwatuna.

Hujjar Hajiya ita ce sutura, kuma gaskiya ce. Mace ba za ta fito jiƙe da zufa ta ratsa tsakar gida gaban yaran gida da mai gadi da baƙi ba, balle da dare ko ana ruwa. In ba a warware wannan ba, kai kaɗai za ka riƙa shiga. Maganinsa a zane yake. A yi ginin ɗaki biyu, na zafi da na canja kaya mai shawa da benci, mutum ya shiga da kayansa ya fito da kayansa. A ajiye shi ta bayan sashenku, a fitar da ƙofa daga wajenku, a haɗa da 'yar gajeriyar rumfa da katanga mai tsayi ta kare. Abin da nake so kawai kada su yi bango ɗaya ko rufi ɗaya da ɗakin kwana, a bar mita biyu zuwa uku a tsakani, fiye da haka in murhun itace ne. Ba baƙon tsari ba ne a wurinmu, gidajen iyayenmu ma madafi da makewayi a gefe suke.

Akwai waɗanda zan ce wa su yi a ciki: mai zama a bene, mai ƙaramin fili, dattijon da fita da dare ke masa wuya, ko wanda ke unguwar da wuta ke tsayawa da ƙarfinta. Su sai lantarki kawai, a jingina ɗakin da bangon da ke kallon waje, a fitar da iskarsa waje kai tsaye, ƙofarsa ta buɗe cikin banɗaki mai tayil da magudana. Mafi sauƙi gare su shi ne akwatin infrared ɗin nan. Na mutum ɗaya ko biyu yana cin kilowat ɗaya da rabi zuwa biyu, soket na ɗaukarsa, inbata mai ƙarfi ma haka, kuma ba ya jiƙa bango. Zai sa ka zufa, amma ba za ka ji abin da ka ji a Abuja ba, kada ka saya da wannan tsammanin.

Ni ba likita ba ne, amma ba na miƙa irin wannan ɗaki ban faɗi wannan ba. Binciken da aka fi ambata an yi shi ne a yankin Kuopio na Finland kan maza 2,315 da aka bi kimanin shekara 20, aka buga a 2015. An ga masu shiga sau huɗu zuwa bakwai a mako sun fi masu shiga sau ɗaya tsira daga mutuwar fuju'a ta zuciya. Amma lura aka yi da su, ba gwaji ba, kuma mutane ne da suka tashi da abin tun suna yara a ƙasa mai sanyi. Zama ɗaya na fitar da kusan rabin lita na zufa, bugun zuciya na iya haura 120 a minti. Nauyin da ka ga ya ragu a sikeli ruwa ne, da ka sha ya dawo. Ka fara da minti 5 zuwa 10 a bencin ƙasa, kada ka wuce 20, ka sha ruwa kafin da bayan. Mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciwon ƙoda, mai sikila, mai juna biyu, duk sai da izinin likita. Mai jego kada a ce za a musanya mata wankan jego da wannan, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan gasa jiki da kunun kanwa da ciwon zuciyar bayan haihuwa. Mai zazzaɓi ya je asibiti. Kuma shekarun nan azumi na matsowa cikin hunturu, kada sanyi ya ruɗi mai azumi ya shiga da rana, ya bari sai bayan tarawihi ya sha ruwa ya ƙoshi.

Tunda ginin na linta, ba sai ka yanke komai yau ba, amma akwai abin da in ya wuce sai an fasa. Ka sa a fitar da gurbin ƙofar nan ta bayan sashenku tun yanzu, ko da za a toshe ta da bulo na ɗan lokaci. Kafin a shimfiɗa intalok a binne bututu uku zuwa inda ɗakin zai zauna: na ruwa, na magudana zuwa ƙaramin sokawe nasa daban, da fanko guda mai faɗi wanda waya mai kauri za ta iya bi. A akwatin rarraba wuta kuma a bar gurbin bireka babu kowa. Ko da itace ka fara, ranar da wutar unguwarku ta gyaru sai a zura waya a ɗaura hita.